Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Abin da Muke Ci a Hanyar Shap

Assalamu alaikum. Tun da na faɗa a kashin baya cewa na bar aikin jirgin ruwa na koma jan babbar mota a Liverpool, yaran gidanmu suke ta aiko da tambaya iri ɗaya: to Baba, me kuke ci a hanya? Na san tushen tambayar, ba daga kansu ta fito ba. Maganar Yaya ce, Allah ya jiƙansa, wadda ya yi a gaban Inna a 1968, wai duk mai jan mota a ƙasar Turawa yana kwana a hanya, ko ya dafa Alƙur'ani ya ci alade. Inna ta yi kuka, ta sa aka rubuto mini wasiƙa. Yaya bai taɓa taka Ingila ba. Na yafe masa tun yana raye, amma yafiya daban, gyaran magana daban, tunda har bara a wajen suna na ji ɗaya daga cikin 'ya'yansa yana maimaita ta yana dariya.

Hanyar da na fi bi a shekarun farko ita ce ta Liverpool zuwa Glasgow, tafiyar sama da mil 200. A bakin tashar jiragen ruwa muke lodi, buhuna ne, katako ne, ganguna ne, mu rufe da tampol mu ɗaure da igiya da hannunmu, don lokacin kwantena ba ta yawaita ba. Daga Preston akwai sabon titi, M6, har zuwa wajen Carnforth. Daga nan sai tsohuwar hanya, A6, ta ratsa tsakiyar Kendal, ta hau dutsen Shap, ta gangara Penrith da Carlisle, sannan A74 ta haye Beattock ta kai ka Glasgow. Motata Atkinson ce mai injin Gardner. Injin yana cikin kan motar ne, tsakanin kujerar direba da ta yaro, sai ka lulluɓa masa tsohon bargo don ƙara ta ragu. Babu abin ɗumama ɗaki. Ƙafafu kuwa buhu muke naɗa musu. Dogo, Baturen da ya koya mini aikin, yakan ce mu 'yan gata ne, su a zamaninsu har 1957 doka ba ta yarda babbar mota ta wuce mil 20 a awa ba.

Mutumin da ya yi awa huɗu a wannan hali, idan ya hango fitilar gidan abincin direbobi, abin da yake ji ba ya faɗuwa.

Dogo ya koya mini yadda ake gane na kirki: kada ka dubi fenti, dubi fili. Inda ka ga motoci jere har bakin titi, nan ne. Filin duk ramuka ne da toka da baƙin mai. Kana tura ƙofa tururi da hayaƙin taba su tare ka, tagogi sun yi gumi ba ka ganin waje. A kan kanta an jera kofuna a tire, mai shayi ta ɗaga ƙatuwar buta ta bi kansu tana zubawa ba tare da ta tsaya ba. Cokalin sukari ɗaya ne, an ɗaure shi da sarƙa don kada ya bi wani. Kofi bai wuce sisi ba, da sule uku ko huɗu ka tashi da ƙoshi. Da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Kuma ba ci kaɗai ake yi ba. A nan za ka ji inda ƙanƙara ta rufe hanya, inda jami'ai suka kafa sikeli suna auna lodi suna duba littafin awoyi, da kamfanin da ke neman mai ɗaukar kayan komawa kudu don kada ka dawo wayam. Idan tayarka ta fashe ko igiya ta tsinke, kafin ka buɗe baki mutum biyu sun ajiye kofi sun fito.

To amma abincin fa? A nan maganar Yaya take da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta yi mini zafi. Alade ne ko'ina. Soyayyen namansa ne karin kumallon direba, da tsiran da ake cusa shi a ciki. Abin da ya fi wannan wuya shi ne kitse. Ƙwai a cikinsa ake soyawa, burodi a cikinsa, kasko ɗaya ne tun safe har dare ba a wankewa. Don haka ni abincina shayi ne da burodi da man shanu, wani lokaci dafaffen ƙwai ko waken gwangwani idan na ga tukunyarsa daban take. Na rame har Kawu ya fara tambaya ko ciwo nake.

Akwai wani ƙaramin gida tsakanin Carnforth da Kendal, na katako, rufin kwano, teburansa ba su kai goma ba. Mai shi wata dattijuwa ce sa'ar Inna, gajera, hannayenta kullum ja saboda ruwan zafi. Ni Gwaggo nake ce mata, ta kuma amsa, har sauran direbobi suka ɗauka. Wata rana da asuba ta ajiye mini burodina, ta tsaya a kaina ta ce, “Ɗana, kuɗi ne babu? In babu, ci ka biya ranar albashi.” Na ce mata a'a Gwaggo, addinina ne ya hana ni alade, da kitsensa, da duk abin da ya taɓa. Ta tambaye ni kifi fa, na ce halal ne. Man shanu fa, na ce halal ne. Ba ta ƙara cewa komai ba.

Dawowata daga Glasgow na tarar da sabon ƙaramin kasko rataye a ƙusa, nesa da murhu, an ɗaura masa jan zare a hannu. Nawa ne. A ciki take soya mini ƙwai da man shanu, da tumatir, da dankali da ta dafa ta yayyanka, ranar da akwai kifi kuma kifi. Ba wanda ke taɓa shi. Wata sabuwar yarinya da ba ta sani ba ta taɓa jefa nama a ciki, Gwaggo ba ta wanke ta ɓoye mini ba, alhali da ta yi haka ba zan taɓa sani ba. Ta gaya mini da bakinta, ta mayar da shi cikin sauran, ta sayo wani. Wannan matar ba ta san Fatiha ba. Ina so 'ya'yan Yaya su karanta wannan wurin sau biyu.

Ranar da zan bar gida Baffa ya rako ni har bakin mota, bai yi mini dogon wa'azi ba. Cewa ya yi, “Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Inda ka ga fuska zauna, ko a ƙasa ne. Inda babu, ko darduma aka shimfiɗa maka, tashi.” A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai da kowa ya sani. Sai a hanyar A6 na ga ashe awo ya ba ni.

Don akwai inda babu fuskar. Yawancin gidajen nan suna da ɗakin kwana a sama ko a baya, gadaje shida ko takwas a ɗaki ɗaya, wani lokaci ka tarar da zanin gado da ɗumin mai tafiyar dare da ya tashi yanzu. Kamfani na ba mu kuɗin kwana. Wani dare na hunturu na tsaya a wani gida kusa da Carlisle, wanda ya fi kowanne tsabta a hanyar, da labule, da kafet, da furanni a taga. Allo a ƙofa na cewa akwai gado. Mai gidan ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce an cika. Ina tsaye a nan wani Bature ya shigo bayana, aka miƙa masa makulli. Wannan fa bayan dokar 1965 ce da ta hana nuna bambancin launin fata a wuraren jama'a, ta 1968 kuma ta zo ta ƙara da gidaje da aiki. Doka tana Landan, ni kuwa ina filin mota, na gitta katako a kan injin na kwanta, gilashi ya daskare ta ciki. Da Dogo ya ji bai yi hayaniya ba. Daga ranar bai sake tsayawa a gidan ba har ya bar aiki, shi da wasu 'yan Glasgow biyu. Tabarma ce a gidan nan har da ta sayarwa. Har yau in na tuna kallon da mutumin nan ya yi mini sai na ji sanyin daren a gwiwata.

Shap kuwa ba wasa ba ce. Ƙololuwarta ta kai kusan ƙafa 1,400, hawa ne mai tsawo daga Kendal, kana giya ta ƙasa, layin motoci a bayanka. Gangarar ta fi hawan tsoro, don birki na yin zafi ya sake. A hanyar hawan ne gidan Jungle yake, wanda duk direban da ya yi zamanin ya san shi, da agogon Leyland a bakin titi da muke duba lokaci da shi. Agogon yanzu yana Kendal. Idan dusar ƙanƙara ta rufe dutsen, motoci su tsaya cak, mutanen ƙauyen Shap su buɗe gidajensu su ba baƙi abinci da makwanci. A 1994 aka kafa dutsen tunawa a can sama, don direbobin da suka bi hanyar da mutanen da suka ciyar da waɗanda suka maƙale. Na je da Auta, na nuna masa, ya ɗauke ni hoto. Shi abin da ya gani fili ne da iska da tumaki, har yana tambaya ko da gaske nan ce babbar hanyar Sikotlan.

Na manta ban faɗi maganar azumi ba. A waɗannan shekarun, 1968 da 1969, azumi a Nuwamba da Disamba ya faɗo, rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar a arewacin Ingila. Nakan daidaita tafiyata in sha ruwa a wajen Gwaggo. Ita da kanta take leƙa taga ta ce, “Ɗana, duhu ya yi, zo ka ci.” A ɗakin ajiyarta nake salla, tsakanin buhunan dankali, ta ajiye mini kwali mai tsabta a bayan ƙofa. Da azumi ya zagayo Yuni a 1983 da 1984, rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura, ni kaɗai nake shan ruwa a cikin mota da abin da uwar yara ta ƙulla mini. Shimfiɗar fuska, in ji Baffa. Shi bai ga azumin Yunin ba, ya riga mu gidan gaskiya ina kan hanya, sai wasiƙa na tarar.

A Oktoban 1970 aka buɗe M6 daga wajen Carnforth zuwa Penrith. Ba zan ce ban ji daɗi ba, duk wanda ya taɓa gangara Shap da lodi a kan ƙanƙara ya gode wa Allah. Amma a rana ɗaya motoci suka ɗauke ƙafa daga A6. Filin da da sai ka jira wani ya fita kafin ka shiga, ya koma mota biyu, uku. Jungle ma ba ta daɗe ba ta rufe. Aka ce ga manyan wuraren hutawa a kan sabon titi, da fitilu, da banɗaki mai ruwan zafi, da tire da kake turawa a layi. Tsabta kam akwai. Sai dai wadda ta zuba maka abinci yau ba ita za ka gani gobe ba, balle ka yi mata bayanin kasko. Mu masu kayan aiki da baƙin mai kuma sashenmu daban aka ware. A Fabrairun 1971 aka canza kuɗi, aka daina lissafi da sule da sisi, kowa na ƙorafin shayi ya yi tsada.

Sauran abin motocin ne suka ƙarasa shi. Volvo da Scania suka zo da gado a bayan kujera da abin ɗumama ɗaki, ɗakunan kwana suka rasa baƙi. Zuwa 1981 aka tilasta na'urar takogiraf, faifan takarda da ke rubuta gudunka da tsayawarka. Daga baya ƙa'ida ta zama tuƙin awa huɗu da rabi, hutun minti 45. Ba inda kake so za ka tsaya ba, inda agogo ya kama ka ne. Matasan direbobi na yanzu kowa a cikin motarsa yake ci, labule a ja. Ba laifinsu ba ne, haka suka tarar. Amma ban yarda da masu cewa waɗancan gidajen ƙazanta ce kawai da maiƙo ba. Masu faɗin haka a ƙaramar mota suka wuce su.

Ni dai na ci gaba da sauka a Carnforth in bi tsohuwar hanya in gaida Gwaggo, ko da zai ja mini faɗan ofis. Da ta rufe ta koma wajen 'yarta a Morecambe. Duk ƙaramar salla uwar yara takan yi girki mu kai mata da ɗanmu Babba, tun yana goye har ya fara gudu. Yaji na sa ta hawaye amma sai ta cinye. Ranar jana'izarta direbobi tsofaffi sun zo daga Preston, daga Carlisle, har daga Glasgow, Dogo da sandarsa. Ni na tsaya a bayan coci har aka gama, na yi wa 'yarta ta'aziyya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yajin aikin direbobi na Janairun 1979, da yadda ni da Kawu muka yi wata guda ba ma magana a kansa.