Yau hannun hagu ya ji magana

Bayan la'asar ina bitar piyano sai ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, Mama na kira." Na ce mata ina zuwa, kuma yatsuna ba su tsaya ba. Sai da ta fita na ankara! Shekara da shekaru hannun hagu ke wahalar da ni. A kiɗan gargajiyar Turai kowane hannu da aikinsa, amma nawa kullum sai ya bi dama kamar raƙumi da akala. Yau kowanne ya kama hanyarsa.

Piyanona na lantarki ne, maɓallai 61 maimakon 88 na cikakken piyano, malamina a nan Katsina bai wuce bidiyon intanet ba. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Ashe dararen da na ɗauka wahalar banza nake, yatsun nan koyo suke.