Jerin sunaye a kan maƙala ya ci mana shekara guda

Masu taya malamansu haɗa dosiye na neman kuɗin bincike, ku zo ku ji, don ni har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Malamina nan Yamai ɗan lissafi ne, graf ce sana'arsa, wato nazarin ɗigo-ɗigo da layukan da ke haɗa su, amma shekarun nan ya karkata wajen ADN (DNA), sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta. Shi ya sa ni in shirya shafin da zai nuna tasirin ayyukansa, za mu tura wa wata ƙungiyar waje kan aikin hatsi.

Tattara maƙalun bai ba ni wuya ba, a rumbunan neman maƙalu na Google Scholar da zbMATH da PubMed, kwana kaɗan na gama duk da rezo na Harobanda da kuka sani. Na lissafa h-index ɗin nan da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, ma'aunin yawan maƙalun mutum da yawan ambaton da wasu masu bincike suka yi musu, na jera komai tsaf, muka tura. Bayan watanni amsa ta zo, layi biyu kacal, wai ba su ga inda mai nema ya jagoranci wani aiki ba, ko'ina sunansa a tsakiya yake.

A tsakiya fa! To ina zai kasance? A lissafi ana jera sunayen marubuta ne bisa haruffa, A kafin B, ba ruwan kowa da wa ya fi wahala. Malam kuwa harafin sunansa can tsakiyar abacada yake, in su uku ne suka rubuta, galibi shi ne na biyu ko da shi ya kawo hujjar tun daga tushe. Su kuma mutanen biyoloji, na farko shi ya yi aikin, na ƙarshe shi ne mai labo, na tsakiya 'yan rakiya ne. Da wannan idon aka karanta mana dosiye. Na kai masa takardar ofis, ya cire tabarau ya karanta ya sake karantawa, na ce ranka ya daɗe ai wannan zalunci ne, ya ce a'a ɗana, ba su san al'adarmu ba ne, mu ma ba mu gaya musu ba. Ni dai ban huce ba.

Abin da ya ƙara min haushi, maƙalar da ta fi kawo masa ambato ita ce wata ta jenetik mai marubuta rututu, wadda shi da bakinsa ya ce ɗan gyaran algoritim kawai ya yi a ciki. Wadda ya shekara da shekaru yana fama da ita kan graf, ambatonta bai cika yatsun hannu ba. Haka lissafi yake, jinkirin tsiya gare shi. Euler ya warware zancen gadoji bakwai na Königsberg a 1736, de Bruijn ya kawo nasa graf ɗin a 1946, sai a 2001 Pevzner da Tang da Waterman suka nuna yadda za a bi hanyar Euler a harhaɗa guntayen ADN, kamar tela ya maido da zane daga ƙyallaye, yana duba inda zanen fure ya haɗu. Yau manhajoji da yawa na harhaɗa jenom, wato dukkan ADN ɗin halitta, a kan wannan dabarar suke tsaye. Hatsin da muke dama fura da shi ma a 2017 aka fitar da jenom ɗinsa, ICRISAT, cibiyar binciken noman nan mai tasha a Sadore, tana cikin jagororin aikin, aka ƙirga ƙwayoyin gado sama da 38,000. Da da h-index na shekara biyar aka auna de Bruijn ai da ko kuɗin shayi bai samu ba.

Da shekara ta zagayo na sake shafin gaba ɗaya. Na raba shi biyu, na lissafi daban, na jenetik daban. A saman na lissafi na rubuta jimla ɗaya da manyan haruffa cewa a wannan fanni bisa haruffa ake jera sunaye, sannan ƙarƙashin kowace maƙala layi guda, ga abin da Malam ya yi da hannunsa. Jimla ɗaya fa jama'a, ita ce ta ci mana shekara. Sannan na bar ƙirga ambato kawai, na riƙa buɗe maƙalun da suka ambace shi ɗaya bayan ɗaya ina duba wa ya yi aiki da hanyarsa da gaske, wa kuma ya jefa sunan a gabatarwa ya wuce. Aiki ne mai cin ido da megas, amma nan na tarar da wasu masu bincike da suka ɗora manhajarsu kan sakamakonsa, shi kansa bai sani ba. Wannan na sa a gaba, h-index na mayar da shi can ƙasa.

Kuma don Allah in malaminku yana tsakanin fanni biyu, ku fara binciko su wa za su karanta dosiyen kafin ku rubuta ko harafi ɗaya. Wannan karon alhamdu lillahi mun haye zagayen farko, an kira Malam hira. Amma fom ɗin nasu har yau akwatin nan yana nan, adadin maƙalun da kake marubuci na farko, kuma ba ya karɓar komai sai lamba.