Gwangwani huɗu a aljihun tebur

Talata da dare, Kano.

Wajen ƙarfe uku na daren jiya tarin babban yaron nan ya tashe ni. Shekararsa 13, kuma tun yana ɗan shekara shida yake fama da asma. Na iske shi zaune a bakin katifa, ya dafa gwiwoyinsa, kafaɗu na hawa suna sauka, ƙirjinsa na ƙara kamar kukan 'yar kyanwa. Kwana uku ke nan hazo ya rufe gari, ko Dutsen Dala ba a hangowa daga unguwarmu, ga shi da magariba an kunna musu maganin sauro mai hayaƙi a ɗaki.

Na ɗauko shuɗiyar inhelarsa, wato maganin shaƙa na salbutamol, wadda muke kira Ventolin. Ya shaƙa sau biyu. Mun saba cikin minti biyar ƙirjin yake sakinsa, amma jiya shiru. Na ƙara masa, na sake ƙarawa. Da ya ɗago ya ce "Umma... ba ya... sauka," yana yanka maganar gida uku, sai na tashi babansu. Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu ya kai mu asibiti, Allah Ya saka masa da alheri.

Nas ta maƙala masa wani abu a yatsa, ta sa masa iskar oksijin, aka ci gaba da ba shi salbutamol ɗin, aka haɗa da ƙwayar prednisolone mai rage kumburi. Ana kiran assalatu numfashin ya fara daidaita. Sai kuma na ga hannunsa na karkarwa, na dafa ƙirjinsa na ji zuciya na dukan uku-uku. Hankalina ya sake tashi. Nas ta ce aikin maganin ne: yana sassauta naman da ya shaƙe hanyoyin iska, amma yana taɓa zuciya da hannuwa in an sha da yawa, kuma zai wuce. Ya wuce ɗin kafin hantsi.

Tambayar likita ce ta tsaya mini a rai. "Hajiya, daga damina zuwa yau, inhela guda nawa ya ƙarar?" Na kasa amsawa. In ta ƙare kemis kawai nake aikawa a sayo wata, ina ganin ai magani ne mai ci, tunda yana shaƙa yake warwarewa. Likitan ya zana mini bututu a takarda. Ya ce matsalar asma biyu ce: matsewar bututun, da kumburin da ke cikinsa. Shuɗiyar tana buɗe matsewar na awa huɗu zuwa shida, ba ruwanta da kumburin. Shi kuwa yana nan yana ƙaruwa a ɓoye, har ranar da shuɗiyar za ta gaza. Ya ce wanda yake ƙarar da uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashin ciwon, kuma tun 2019 ƙa'idojin asma na duniya suka daina yarda a bar babba ko matashi a kan salbutamol kaɗai.

Ya rubuta mana beclometasone, inhela mai ruwan ƙasa da ke rage kumburin, safe da dare, har ranar da yaron yake garau, a kuma kurkure baki bayan an shaƙa. Sannan ya ce ya gwada yadda yake shaƙa a gabansa. Ashe yawancin maganin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa. Aka nuna mana robar da ake jona wa inhelar: a girgiza, a fesa sau ɗaya a ciki, ya ja numfashi a hankali kamar sau biyar, sannan a sake. Ya ce in ba a samu ba, gorar ruwa mai cin mililita 500 da aka huda gindinta tana yi, an gwada ta a kan yara a Afirka ta Kudu.

Da muka dawo gida na buɗe aljihun teburinsa. Gwangwanin inhela huɗu, duk wayam. Kowanne fesa 200 ne. Na zauna na daɗe ina kallonsu, ina tuna dararen da nake jin tarinsa in ce sanyi ne.

Da la'asar Hajiya, kakarsu, ta zo dubiya. Ta ce, "Ai na gaya muku, abin shaƙar nan in an fara ba a dainawa. Ku koma ba shi na haɗiya." Na ce, "Hajiya, likita ya ce ba ya kama jiki. Na haɗiyar ma ya fi sa karkarwa, don duk jiki yake zagayawa, kuma ya fi jinkirin aiki." Ta yi shiru, ta shafa kansa, ta tofa masa addu'a. Da za ta tafi ta ce in nuna mata yadda ake jona robar, saboda ranar da zai kwana a wajenta.

Na kwashe maganin sauron na ɗaura musu gidan sauro, na ce a riƙa yayyafa ruwa kafin shara, turaren wutana ma na mayar da shi ɗakin baƙi. Ya shaƙi mai ruwan ƙasar bayan isha'i, ya kurkure baki, yanzu yana barci. Gwangwanayen huɗu suna cikin jakata, zan kai wa likitan ranar da ya ce mu koma. Na bar ƙofar ɗakinsu a buɗe.