Sassaucin haraji a Marwa: wa aka yi wa rangwamen?

A watan Satumba na 2019 firaministan Kamaru ya sa hannu a kan takardar da ta ayyana jihar Arewa Mai Nisa, wadda Marwa ce babban birninta, tare da Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, a matsayin yankunan da rashin tsaro ya durƙusar da tattalin arzikinsu. Dokar haraji ta tanadar wa duk wanda ya kafa sabon kamfani a irin wannan yanki rangwame mai tsoka. A shekaru 3 na kafuwa ba zai biya patanti (harajin lasisin kasuwanci) ba, ba zai biya harajin TVA (harajin sayen kaya, wato VAT) a kan kayan da ya saya don aikin ba, an kuma ɗauke masa kuɗin rajistar filin da harajin gini. Idan ya fara aiki, sai a ƙara masa shekaru 7 ba tare da harajin riba ba. Sharaɗin shi ne ya ɗauki aƙalla mutum 10 aiki, ya kuma yi amfani da albarkatun yankin.

A ƙasar da harajin ribar manyan kamfanoni ya kai kashi 33 cikin 100, TVA kuma kashi 19.25, wannan ba ƙaramar kyauta ba ce. Marwa kuwa gari ne da ke bunƙasa a idon kowa: tun da aka buɗe jami'a a 2008 gidajen haya da shaguna suka cika Domayo har zuwa Kongola, sannan rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga ƙauyukan bakin iyaka, da yawansu kuma ba su koma ba. Ga hannun aiki, ga masu saye, ga Chadi da Najeriya kusa. To me ya sa har yanzu in ana lissafa manyan masana'antun garin, daga matatar man auduga ta Sodecoton sai a fara inda-inda?

Ra'ayina shi ne, an fara da abin da ya kamata ya zo daga ƙarshe. Harajin riba ba ya hawa kan kowa sai wanda ya ci riba, kuma kafin mai masana'anta a Marwa ya ga riba akwai wasu kuɗaɗen da babu dokar da ta yafe masa. Injin da ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala zai hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, daga nan kuma a ɗora shi a babbar mota ya yi tafiyar kusan kilomita 500. In kayan da ya sarrafa Injamena za su, hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri tana jiransa, kuma direbobi sun fi kowa sanin abin da ta yi wa motocinsu shekara da shekaru. Sai kuma wuta. Jihohin arewa uku sun daɗe suna dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo mai ƙarfin megawat 72, wadda aka gama ginawa a farkon shekarun 1980, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage raɗaɗin, wannan gaskiya ne, amma mai ɗakin sanyi ko mai injin casar shinkafa da ya lissafa kuɗin gas na janareto a watan Afrilu zai gane cewa abin da yake ƙonawa ya fi harajin da aka yafe masa.

Akwai kuma tambayar wanda zai iya shiga ƙofar. Rangwamen na mai kamfani ne da ya yi rajista, yana da akanta, yana da littafin shige da fice, yana iya bin takardunsa har Yawunde. Dukiyar Marwa kuwa tana hannun wasu mutane dabam: dillalan albasa da ke loda motoci zuwa kudu, majema da dukawa da suka sa sunan garin ya yi nisa da aikin fata, masu kilishi, masu sayen hatsi su ajiye, 'yan tireda na babbar kasuwa. Alhajin da ke ciyar da yara ashirin a harkar albasa ya samar da aiki fiye da mutum 10 ɗin da doka ta nema, sai dai babu ko ɗaya daga cikinsu da ke kan takarda, don haka a idon ofishin haraji bai ɗauki kowa ba. Shi zai ci gaba da biyan kuɗin rumfa da ƙananan haraji ga meri (hukumar birni), baƙon da ya zo da lauyansa kuma a ɗauke masa komai. Ba na cewa a hana baƙo. Cewa nake tsanin ya yi wa ɗan gari tsawo.

Wannan ne ya kawo mu ga batun keɓe yanki na musamman domin masana'antu, wanda a ganina ya fi rangwamen muhimmanci. Kamaru ba baƙuwa ba ce a nan: tun 1971 akwai hukumar MAGZI mai shirya filayen masana'antu, a Disamba 2013 kuma an yi dokar yankunan tattalin arziki. Amfanin irin wannan fili, in an yi shi da gaske, shi ne ya raba ɗan kasuwa da rigimar ƙasa. Duk wanda ya taɓa neman fili a gefen Marwa ya san labarin gonar da aka sayar wa mutum biyu, da takardar masu sarautar gargajiya, jauro ko lawan, da ba ta tsayawa a gaban banki, domin banki takardar mallaka ta gwamnati yake nema kafin ya ba da bashi. Fili mai tsabtatacciyar takarda, da layin wuta nasa, da rijiyar burtsatse, da hanyar da ba ta yankewa da damina, ya fi shekaru 7 na yafiya jan hankalin mai kuɗi. Haɗarin kawai shi ne da zarar an ji ƙishin-ƙishin inda za a keɓe, masu ido da kunne a ofisoshi sukan riga kowa saye gonakin wurin, manomi ya tashi da ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Kada kuma a manta cewa harajin da aka yafe daga aljihun wani ya fita. Patanti yana cikin kuɗin da ƙananan hukumomi ke rayuwa da su, kuma su ake kai wa kuka idan magudanar ruwa ta toshe ko shara ta taru a bakin kogin Mayo Kaliyawo. Gari mai faɗaɗa yana buƙatar kuɗi fiye da jiya. Waɗanda suka ga yadda zirga-zirga ta rikice bayan gadar Palar ta rufta a daminar 2020 sun san tsadar rashin gyara. Idan masana'anta za ta jawo manyan motoci su farfasa titin unguwa alhali ba ta biyan meri ko sisi, to mazauna unguwar ne suka biya mata.

Wani abin lura shi ne iyakar rangwamen ta bi iyakar jiha. Garwa da Figil suna jihar Arewa, ba su shiga ciki ba, ko da yake wahalar wuta da ta hanya iri ɗaya ce. Irin wannan layi yakan jarabci wasu su buɗe ofishi da allo a Marwa, ainihin aikin kuma yana can wani wuri.

Da za a nemi shawarata, da na ce a fara da ƙaramin fili a kan hanyar Salak, kusa da filin jirgi: rumbunan adana albasa masu iska, domin manomi ya daina zubar da ita da arha lokacin girbi ko ya bar ta ta ruɓe, majema ta haɗin gwiwa mai wurin tace ruwan jima, da ofishi guda inda za a yi rajista ba tare da tafiya Yawunde ba. A bar ƙungiyoyin masu sana'a su haɗa ma'aikatansu su cika sharaɗin mutum 10. Sannan kowace shekara a liƙa sunayen kamfanonin da suka ci rangwamen a allon meri, da adadin 'yan garin da kowannensu ya ɗauka da abin da aka yafe masa. Waɗanda suka shiga tun farkon tsarin wa'adinsu zai cika ne wajajen 2029 zuwa 2030, kuma majalisar birni tana buƙatar waɗannan alkaluma a hannu kafin wani ya zo neman a tsawaita masa.