Godiya bayan an sallami ɗalibinmu daga asibiti

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Jiya da yamma aka sallami ɗanmu, kumburi ya saɓe, yana takawa da sanda. Mu malaman sashen nazarin aikin mishan, sai daren jiya muka san mun yi barci. Kun bi labarin tun farko: kububuwa ce ta sare shi a ƙafa, yana wurin aikin fili a cikin Fulani.

Minti ashirin ɗin nan na asibitin saran maciji na Kaltungo ne suka ƙi fita ranmu. Idan kububuwa ta sari mutum, akan ɗebi jininsa kamar mililita 2, a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye ba motsi. Bayan minti 20 a karkata ta. In jinin ya daskare, da sauƙi. In ya gudana, dafi ya hana shi daskarewa, sai allurar kashe dafi. Nasa ya gudana kamar ruwa. Bayan awa 6 da allura aka sake gwadawa, aka karkata kwalba, jini ya tsaya cik. Ma'aikatan jinya, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa hannuwanku albarka.

Baba Arɗo ya ce kada a ambace shi. Baba, ka yi haƙuri, ba za mu iya ba. Shi ya hana a tsaga wurin da reza, ya hana a ɗaure cinya da roba, ya sa aka ɗora ƙafar a kan sanda don kada ta motsa, ya ba da babur da ɗansa cikin dare. Musulmi ne, kuma ya san sarai abin da ɗalibanmu suke karantawa, domin ran da suka sauka suka faɗa masa da bakinsu. Ƙa'idar aikin fili ke nan: a fara gaida dagaci da arɗo, a faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka. Makonnin farko ba wa'azi. Jimla biyar ta Fulatanci kowace rana, a naɗa a waya, a maimaita wa mutum ashirin kafin magariba. Ba a tambayar yawan shanu, ba a kiran babba da sunansa, namiji ba ya leƙa sashen mata. Ɗalibai kan yi gunaguni wai ɓata lokaci ne. To, yanzu ma je su tambayi abokinsu.

Laifi namu ne, mun ɗauka. Mun wajabta gidan sauro da maganin zazzaɓi, muka bar dogon takalmin roba da tocila ga wanda ya ga dama, alhali lokacin girbi ne, kububuwa na kwana ƙarƙashin dami. Da silifas ya fita. Daga yau, ba takalmi, ba tafiya.

Zumuntar Mata, kunu da tuwo ba su yanke ba ko sau ɗaya. Mama shugaba, matar Fasto, direbanmu, 'yan ajinsa da suka yi kwanan zaune bi da bi, Ubangiji ya tuna da ku, ya tsare fitarku da shigarku, ya albarkaci 'ya'yanku. Baba Arɗo, Allah ya yalwata garkenka, ya raba shi da cuta da ɓarawo.

Dangin da suka bugo waya don su ce dama sun hana shi wannan karatu, mun ji. Gidan dai yana nan inda yake, kuma ranar Lahadi akwai sujadar godiya da ƙarfe 9.