Madubi a Bargar Doki: Inda Ya Kamata a Kafa Shi

Doki dabbar garke ne, shi ya sa wanda aka ɗaure shi kaɗai a barga, kamar yadda ake yi a gidaje da dama a nan Yamai, yakan shiga damuwa. Za ka gan shi tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa kai dama da hagu, yana sauya nauyinsa daga wannan ƙafar gaba zuwa waccan, ko harawa ba ta ɗauke masa hankali. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Linkon ta Ingila, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa madubi yana rage wannan ɗabi'a ƙwarai.

Sai dai wurin kafa shi ne ya fi muhimmanci a ganina. Kada a sa shi kusa da kwamin abinci, domin doki zai iya ɗauka wani ne ya zo cin rabonsa, sai ya kwantar da kunnuwa ya kai cizo. A kafa shi daidai tsayin idonsa, a bango ɗaya kawai, ta yadda zai samu lungun da zai juya in ba ya son kallo. A kuma kauce wa bangon da rana ke bugawa, don hasken ranarmu yana kashe ido. Gilashi haɗari ne. A nemi na roba mai kauri ko na ƙarfe mai sheƙi, a ɗaure shi da kusoshi sosai.

Ingarma kuwa sai an sa masa ido a kwanakin farko, domin wani yakan ɗauki hotonsa abokin gaba. Idan aka ga haka, a cire madubin nan take.