Asabar, ranar atisaye

Da hantsi na tafi filin harbi. Malaminmu tsohon ɗan sanda ne, kuma bai bar kowa ya ɗura harsashi ba sai da muka biya ƙa'idoji huɗun nan na riƙe bindiga na Jeff Cooper, wani masanin harbi ɗan Amurka, da baki. Kowace bindiga ka ɗauka cewa da harsashi a cikinta. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ka halaka ba. Yatsa ba ya hawa kunama sai ka saita. Ka san abin da za ka harba, ka kuma san abin da ke bayansa. Ta ƙarshen nan ce ta fi tsaya mini a rai, domin harsashin 9mm, irin na ƙaramar bindigar hannu, yana ratsa siririn bango ya wuce abinsa, a bayan bangon kuwa wataƙila ɗan wani ne yake barci.

Daga nan ya gwada mana abin da Dennis Tueller, ɗan sandan Salt Lake City a Amurka, ya rubuta a 1983: mai wuƙa da ke tsaye ƙafa 21 daga gare ka, wato mita shida da 'yan kai, zai iya cim maka cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Da bindigar roba muka yi. Wani ya rugo, kai kuma ka ɗaga riga, ka zaro daga kube. Yawancinmu kafin mu zaro an riga an dafa mu. Malam sai faɗi yake, "Ku kauce gefe! Ƙafa ta riga hannu!" Wanda ya hango mutumin tun daga nesa ya matsa, shi ne ya tsira, ko da hannunsa ba shi da sauri. Wanda kansa ke cikin waya kuwa, ai bindigar da ke ƙugunsa nauyi ce kawai.

Da la'asar, a wurin ajiye motoci, wani ya ce na tare masa wuri. Ya sauko yana zage-zage har da buga mini mota. Bindigata ƙirar Glock 19 tana ƙarƙashin riga, bai sani ba, ba na kuma son ya sani. Na ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, ga wurin nan," na ja baya na nemi wani can nesa. Zuciyata ta tafasa, wallahi. Amma tun ranar da na karɓi lasisi na haramta wa kaina cacar baki da baƙo, saboda duk rigimar da na shiga, da makami aka shige ta. Zagi ba barazanar kisa ba ce, kuma alƙali ba zai tambaye ni wa ya fara ɗaga murya ba. Masu ɗaga riga don tsorata mutane suna ba ni haushi ƙwarai.

Ina dawowa gida na kulle bindigar a akwatin ƙarfe kafin yara su rugo su rungume ni. Uwargida ta duba jakar agajin da ke mota, ta ce ɗaurin tsayar da jini ɗaya bai isa ba, tun da babbar jijiya in ta tsinke mintuna kaɗan ne mutum ya tafi. Ta rubuta sunayenmu mu biyu a ajin taimakon gaggawa na ranar Laraba, ni kuma gobe zan sayo ɗauri na biyu.